Tamburan Dewalgar Sun Sha Ruwa

A ƙasar Hindu, zamanin da kowane tsauni ke da sarkinsa, an yi wani birni mai ganuwa a kan dutse, sunansa Dewalgar. Ƙofarsa ɗaya ce. A bisa ƙofar akwai bene na katako, kuma a wannan bene tamburan sarki suke zaune. Nagara ake kiransu a can. Biyu ne, na tagulla. Babban shi ne namiji, muryarsa kamar rugugin hadari. Ƙaramin ita ce mace, mai kaifin murya. Kullum ana kaɗa su, wata algaita tasu mai suna shehnai tana biye. Wannan kiɗa shi ake ce wa nauba. Muddin nauba na tashi daga Dewalgar, na kusa da na nesa sun san sarki na da rai.

Mai kaɗa su sunansa Sadula, sarautarsa Nagarci. Musulmi ne a fadar waɗanda ba Musulmi ba, kamar yadda ubansa da kakansa suka kasance. Dogo ne, mai faɗin kafaɗa, mai girman kai. Ba ya sunkuya wa kowa sai sarki.

Sarkin lokacin shi ne Raja Hirmal. Ba shi da ɗa namiji. Saboda haka ɗan baffansa, Rao Dungar, ya ga babu dalilin jira. Ya tara mayaƙa ya kewaye dutsen tun kafin ruwa ya sauka. Damina ta zo ta same shi a nan, bai tashi ba. Hatsi ya ƙare a birni. Itace ya riga hatsi ƙarewa. An ƙona gadaje, an ƙona ƙyauren ɗakuna, an kwance rumfunan kasuwa. Daga baya mutane suka koma tauna ɗanyen gero.

Fatar tambari kuwa ba ta son laima. In ta sha danshi sai ta saki, kuma babu abin da ke ɗaure ta sai wuta.

Ranar da abin ya faru, da hantsi, Sadula ya hau bene ya buga namijin da tafin hannu. Sautin ya faɗi nan kusa da ƙafarsa, kamar an yar da jiƙaƙƙen buhu.

Mangilal mai shehnai yana zaune a lungu yana goge busarsa da gefen rawani. Tare suka tsufa a wannan bene.

"Maigida ya yi mura, Ustad," in ji Mangilal, don haka yake kiran Sadula, wato gwani. "Gwada matar, ko ita da sauran baki."

"Rufe naka bakin."

"In na rufe wa zai busa? Kai, da wannan giɓin naka?"

"Dubi kumatunka da ake labari. Sun koma kamar jakar da aka zazzage."

"Yunwa ce, Ustad. Jiya har mafarki na yi na dafa fatar matar nan taka. Ba ta da daɗi. Halinka ta ɗauka, tauri."

Sadula yana kallon mai gadin fada da ke hawowa matakala, rawaninsa a hannu, kansa a buɗe. A ƙasarsu namiji ba ya tuɓe rawani a fili sai an yi rashi. Kibiyar da ta sami Raja Hirmal a kan ganuwa kwanakin baya ta gama aikinta.

"Ana kiranka a majalisa, Nagarci," in ji mai gadin. "Kada kowa ya ji."

A zauren majalisa ya tarar da manyan fada a tsaye. Ga Diwan, wato wazirin ƙasar. Ga Senapati, shugaban mayaƙa, hannunsa ɗaya a ɗaure da tsumma. Ga Purohit, babban malamin addininsu. Bayan labule kuma Sarauniya Anupa ce a zaune, matar mamacin. Ranisa suke ce mata. A tsakiyar zaure wani mutum ya durƙusa, jikinsa duk laka, ga kwando a gefensa da busar duma irin ta masu wasa da maciji. Da wannan shiga ya ratsa sansanin Dungar, yana yi wa masu gadi busa suna jefa masa ragowar gurasa.

Diwan ya ce, "Manzo, maimaita. Nagarci bai ji ba."

Mutumin ya ce, "Rawal Surtan yana gaishe da ɗan'uwansa Raja Hirmal. Ya ce ya iso hayin kogin Sarwani da rundunarsa. Ya ce mutanen Dungar sun tsare mashigi, ƙetarewa za ta ci rayuka da yawa. Ya ce da Hirmal ya yi musayar rawani suka zama 'yan'uwa, ba da duwatsun Dewalgar ba. Tun da ya sauka bai ji nauba ba, kuma ana raɗa cewa sarki ya mutu. Ya ce in ya ji nauba yau kafin rana ta faɗi, har zuwa taken Hirmal, zai shiga ruwa ko da kogin zai koma jini. In bai ji ba, gobe zai kwashe tantunansa ya koma gida."

Gawar wanda ake gaisarwa tana kwance a ɗakin da ke bayansu.

Purohit ne ya fara magana. "Ranisa, da asuba na ɗauki katantanwar busa ta ɗakin bauta, wadda ba ta taɓa ƙin ni ba. Na busa, iska kawai ta fito. A lokacin na san rana ta faɗi wa gidan nan. Abin da ya rage guda ne. A kifa tambura kamar yadda ake yi in sarki ya tafi, a ƙona gawarsa kafin magariba, ransa ya sami hanya."

Diwan ya ce, "Ranisa, a gafarce ni. Na yi wa gidan nan hidima tun gemuna na baƙi. Dungar jininku ne. In aka aika masa yanzu, tun muna da ƙofar da za mu buɗe masa da hannunmu, watakila ya bar mata da yara. In ya shiga da ƙarfi ba zai bar kowa ba."

Senapati ya buga ƙafa. "Ya bar wa? Kai ka ga abin da ya yi wa ƙauyukan gindin dutse? Ni na gani daga kan ganuwa. Ranisa, ki ba ni izini. Mu buɗe ƙofa mu sauka musu da takubba. Mutuwa ce, amma ta maza."

"Mutuwarka ta maza wa za ta ciyar, Senapati?" in ji Diwan.

"Ta fi taka ta tsofaffin mata."

"Ya isa," in ji murya daga bayan labule. Ba ta ɗaga murya ba, amma duk suka sunkuyar da kai. "Ɗaya ya ce in miƙa wuya, ɗaya ya ce in mutu, ɗaya ya ce in yi kuka. Ban ji wanda ya amsa wa Surtan ba. Nagarci, kana nan?"

"Ina nan, Ranisa."

"Ka ji abin da yake nema."

"Na ji."

Diwan ya juyo. "To in haka ne, abu ne mai sauƙi. Ya hau ya buga taken Hirmal, a wuce wurin."

"Ba haka ake yi ba, Diwan-ji," in ji Sadula. "Nauba tana farawa daga wanda ya kafa birni. A bi sarakuna ɗaya bayan ɗaya, kowa da takensa. Mai rai shi ne na ƙarshe. Surtan ma yana da nagarcinsa. In na tsallake, zai gaya masa ba hannuna ba ne, Dungar ne ya kama bene yana jan sa cikin tarko."

"To ka bi su duka," in ji Sarauniya.

Sadula ya ɗaga kai ya dubi labulen. "Ranisa, gidanmu bai taɓa kaɗa wa gawa taken mai rai ba. Shi ya sa Surtan ya yarda da nagarar Dewalgar fiye da bakin manzo. Ya san ba ta ƙarya. Kakana ya kifa ta da hannunsa ranar da maƙiya ke bakin ƙofa, bai kaɗa ba."

"Birnin ya tsira a ranar?"

"Ya tsira."

"Yau zai tsira? Ban tambaye ka kakanka ba, Nagarci. Akwai mata a birnin nan da suka shayar da 'ya'yansu har nono ya ƙafe. Su nake tambayar maka. Hannunka zai iya ko ba zai iya ba?"

Sadula ya tuna ubansa, ranar da ya ɗora masa sandunan kiɗa a hannu ya ce duk abin da zai yi a duniya ya yi, amma kada ya sa tagullar nan ta faɗi abin da ba haka ba. Sai ya ce, "Hannuna zai iya. Ƙaryar tawa ce, ni zan kai ta gaban Allah. Amma fata ba za ta iya ba. Ta saki. Yadda take yanzu, ko mai tsaye a gindin ganuwa ba zai ji ta ba, balle hayin kogi. Ina son wuta, babba, wadda za ta daɗe. A ba ni itace."

Senapati ya yi wata dariya marar daɗi. "Itace? Ko ƙotar gatari ba ta rage ba."

"Akwai," in ji Sarauniya.

Purohit ya gane kafin kowa. Ya yi taku ɗaya zuwa labule. "Ranisa, kada ki faɗa. Wannan itacen sandal ne, mai ƙamshi. Tun ranar da aka naɗa shi aka ajiye masa. Ko da yunwa ta kai inda ta kai, babu wanda ya taɓa shi. Da me za a ƙona shi? Sarki ɗan sarki, ki bar shi kwance kamar mushe? Ransa zai yi ta yawo a kan ganuwar nan, ba shi nan ba shi can."

"Yawo a kan ganuwar nan shi ne aikinsa tun yana da rai, Purohit-ji. Ba zai ɓata ba."

"Alhakin..."

"Ni ce matarsa. In ya dawo tambaya, ni zai tambaya. A kwashe itacen a kai bene."

Da rana ta karkata aka hau da shi, a lulluɓe cikin barguna don kada mutanen gari su gani. Ba shi da yawa. Aka shimfiɗa faifan ƙarfe a tsakiyar bene aka hura wuta a kai. Sadula ya karkato tamburan suka fuskanci wuta. Yana shafa fata da tafin hannu, yana juyawa, yana ƙwanƙwasawa da yatsa yana saurare. Macen ce ta fara amsawa. Muryarta ta tashi a hankali, daga dushewa zuwa kaifi. Namijin ya fi taurin kai, ya ci itace da yawa kafin ya buɗe maƙogwaro.

Mangilal ya jiƙa bakin busarsa da miyau. "Ustad, ka san ni ma da hannuna a ciki. In sun tambaye ni a can lahira, zan ce kai ka sa ni."

"Faɗa musu. Ɗauki."

Shehnai ta tsaga iska. Sadula ya ce bismillahi, ya sauke sanduna a kan fata.

Birnin da ya yi makonni bai ji nauba ba ya girgiza. Mata suka fito ƙofar gida. Mayaƙan da ke kwance a kan ganuwa don yunwa suka miƙe. Wani manomi da ya gudo birni da gangarsa, irin wadda suke ce wa dol, ya ɗauko ta ya shiga bugawa a tsakar titi duk da ta saki. Sadula ya gama taken wanda ya kafa birni, ya shiga na ɗansa. Hannunsa ya tuna komai. Ya dubi hayin kogi ta tagar bene. Tantunan Surtan suna can farare, ƙanana kamar balbelu a fadama.

Yana cikin haka sai ya ga Mangilal ya zaro ido yana nuna ƙasa da haɓa, bai cire busa daga baki ba.

Iska tana gangarawa daga dutse. Hayaƙin wutar ya fita ta tagogi, ya kwanta, ya bi gangare har cikin sansanin Dungar. Mutane suna fitowa daga tantuna suna ɗaga hanci. Sai ihu ya tashi daga gefe ɗaya, ya bi sansanin kamar gobara.

"Sandal! Sandal! Ana ƙona Hirmal!"

A duk ƙasar babu yaron da bai san wannan ba: in ƙamshin sandal ya fito daga fada da yawa haka, gawar sarki ce ke ci. Sadula ya sani, Diwan ya sani, Purohit ya fi kowa sani. Duk sun tsaya suna lissafin kunnen Surtan da ke nesa, babu wanda ya tuna da hancin Dungar da ke kusa.

Senapati ya hawo matakala a guje. "Ka ji abin da suke cewa? Mun gaya musu da kanmu!"

"Na ji."

"Duk sun taso. Har giwaye. Nagarci, saura nawa ka kai takensa?"

"Ban yi rabi ba."

"Gaggauta!"

"Ba a gaggauta ta. Je ka riƙe mini ƙofa."

Senapati ya dube shi kamar zai sare shi. Sai ya juya ya sauka yana kiran mutanensa.

Rao Dungar bai bar kowa a baya ba. Ya yi shela cewa birnin ba shi da kai, wanda ya fara shiga abin da ya kama nasa ne. Da jin haka, har waɗanda aka ajiye tsaron mashigin kogi suka bar wurinsu suka rugo, kada a raba babu su. Sadula ya gan su suna tahowa ta cikin gonaki. Mashigi ya zama babu kowa. Amma a hayi ba abin da ya motsa. Surtan mutum ne mai riƙe magana kamar yadda ya faɗe ta. Taken matattu yake ji, kuma ba su ya zo nema ba.

Tsani ya fara sauka a jikin ganuwa. Mutanen birni suna ture shi da hannu, suna jefa duwatsu, waɗanda ba su da ƙarfin ɗaga dutse suna mirgina shi. Aka kawo giwa ta daki ƙofa. Ƙyauren na da tsinin ƙarfe, giwar ta soke goshi ta yi kururuwa ta juya ta tattake masu bin ta. Aka kawo ta biyu. Duk bugu ɗaya sai bene ya yi tsalle a ƙarƙashin ƙafar Sadula. Kibau suna shigowa ta taga suna kafewa a rufi. Mai hura wuta ya faɗi da kibiya a wuya. Purohit da kansa, wanda ya biyo itacen don ya ga ƙarshensa, ya durƙusa ya karɓi aikin, yana jefa sandal a wuta yana hawaye.

Sai ya miƙa hannu bayansa bai taɓa komai ba.

"Ya ƙare, Nagarci."

"Tono garwashin. Matso da shi."

Garwashi ya yi abin da zai iya. Sama ta sake haɗuwa, yayyafi ya fara, iska mai laima ta cika bene. Sadula ya ji abin a hannunsa kafin kunnensa ya ji. Sanda ta daina dawowa da sauri. Namijin ya fara dushewa. Yana kan taken kakan Hirmal, saura na ubansa, sannan nasa. Ya ƙara ƙarfi har kafaɗarsa ta yi ƙara. Ƙarfi ba ya ɗaure fata. Kafin ya kai tsakiyar taken, nagarar Dewalgar ta koma jiƙaƙƙen buhu.

Ya tsaya. Karo na farko a rayuwarsa ya tsaya a tsakiyar nauba.

Purohit ya zauna cikin toka. "Mun hana shi itacensa, mun kira masa maƙiya, ga shi ba mu sami komai ba."

Sadula ya tuɓe rawaninsa ya jefa a garwashi. Ya tuɓe riga ya jefa. Suka ci, suka mutu nan take. Ya dubi rufi, ya dubi daɓen katako, duk sun jiƙe, kuma babu gatari. Ya kama gefen tagulla da hannu biyu ya sunkuyar da kai a kan fata.

"Ya Allah," in ji shi, "na sayar da amanar gidanmu, ko kuɗinta ba a ba ni ba."

Mangilal ya sauke busa yana haki. Leɓensa ya fashe. "Ustad, an daina dukan ƙofa."

Gaskiya ne. Giwayen sun ja da baya. Senapati ya sake hawowa, fuskarsa duk jini, takobinsa ya karye rabi.

"Ku sauka! Sun gaji da giwa. Sun jibga damman auduga a jikin ƙyaure, suna zuba mai. Za su ƙone ƙofar, benen nan zai tafi da ita. Ku sauka yanzu!"

Bai rufe baki ba aka ji wuta ta kama da ƙara kamar an yage babban zane. Baƙin hayaƙi ya turnuƙe tagogi. Ƙyauren Dewalgar katako ne mai kauri da ya shekara ɗaruruwa yana shan mai, ruwa bai taɓa ratsa cikinsa ba. Shi kaɗai ne itacen da mutanen birni ba su isa su ƙona ba. Dungar ya ƙona musu shi.

Purohit ya kama matakala. Sadula ya ɗauki sandunansa zai bi shi. Sai tafin ƙafarsa ya ji ɗumi. Ya tsaya. Zafi yana hawowa ta tsakanin katakan daɓe, tururi na tashi daga jikinsu. A bayansa wani abu ya yi ƙara, ƙas, ƙas. Igiyoyin tambura ne ke ɗaurewa.

Ya koma ya ƙwanƙwasa macen da yatsa ɗaya. Ta amsa kamar an taɓa ƙarfe.

"Senapati," in ji shi, "ƙofar nan za ta kai yaushe?"

"Ka haukace? Ba za ta daɗe ba."

"Ni ma ba zan daɗe ba. Sauka ka tsaya bayanta. Mangilal, bi shi."

Mangilal ya tofar da jini. "Nauba babu shehnai? Nagarcin Surtan ya ce ƙauyawa ne suka kama bene? Ka rufa mini asiri, Ustad. Daga ina?"

"Daga inda muka tsaya."

Tun da aka ƙera tamburan nan ba su taɓa samun wuta irin wannan ba. Bugun farko ya sa tsuntsaye suka tashi daga bishiyoyin bakin kogi. Namijin ya yi ruri har mayaƙan da ke kan tsani suka ɗaga kai. Macen ta bi shi tana yanka kamar wuƙa. Sadula ya ƙarasa taken kakan. Ya shiga na uban. Hayaƙi ya rufe masa ido, ya rufe su da kansa, ba ya bukatarsu. Tagulla ta yi zafi har in gwiwarsa ta taɓa sai fata ta tashi. Harshen wuta ya leƙo ta kusurwar daɓe. Mangilal yana busa yana ɗaga ƙafa ɗaya ya sauke ya ɗaga ɗaya.

Taken uban ya ƙare. Abin da ya kaɗa tun daga farko duk gaskiya ne, sarakuna ne da suka yi zamaninsu suka tafi. Saura guda.

Hannunsa ya tsaya a sama. Mangilal ya riƙe dogon sauti yana jiransa, kumatunsa na rawa.

Sadula ya sauke.

Ya kaɗa taken Raja Hirmal kamar yadda ake kaɗa wa mai rai, da sauri, da fahariya, da ɗan juyin nan na ƙarshe da ke cewa ga shi zaune, ku zo ku gaishe shi. Bai rage komai ba. Bai taɓa kaɗa shi da kyau haka ba ko a ranar naɗi. Mutanen birni, da ba su san komai ba, suka ɗauki sunan sarkinsu suna kira daga kan ganuwa. A ƙasa kuma mutanen Dungar suka fara duban juna. Hanci ya gaya musu abu ɗaya, kunne ya gaya musu wani, kuma kowa ya san nagarar Dewalgar ba ta ƙarya.

Ya rufe da bugu ɗaya. Babu abin da ake ji sai cin wuta.

Sai daga hayin kogi wata murya ta taso, doguwa, mai kauri. Ransinga ce, ƙahon tagulla mai lanƙwasa da suke busawa in runduna za ta tashi. Wata ta amsa mata, wata ta amsa, har hayin ya ɗauka duka. Sadula ya goge ido ya leƙa ta cikin hayaƙi. Ruwan mashigi ya yi fari fat. Dawaki ne ke shiga, sahu bayan sahu, babu ko mutum ɗaya a gaɓa da zai tare su.

A gindin ganuwa ihu ya canza. Waɗanda ke baya suka fara juyawa. Lemar Rao Dungar, da ke matsowa kusa da ƙofa, ta tsaya, ta yi tangaɗi, ta koma da baya.

"Sun shigo ruwa, Ustad," in ji Mangilal, muryarsa ta dushe. "Yanzu dai ma sauka?"

Sadula ya dubi kogin. Na gaba sun kai tsakiya, ruwa har ƙirjin doki. Mafi yawansu suna hayi tukuna. In tambura suka yi shiru yanzu, ga hayaƙi na tashi daga ƙofa, Surtan zai ce birni ya faɗi, ya ja linzami.

Bayansu matakala ta rufta cikin wuta. Mangilal ya juya ya dube ta. Sadula bai juya ba. Ya gyara tsayuwa a kan katakon da ke ci, ya ɗaga sanduna.

"Daga farko," in ji shi.